Yadda Ake Gane Tsofaffin Manyan Motoci a Fina-finai da Bidiyon Waƙa

A fadar da muke shan shayi a unguwar Birni, da zarar wata doguwar mota ta gilma a allon waya sai ka ji an ce Cadillac ce, alhali sau da yawa ba ita ba ce. Abin yana damuna, domin kowace daga cikin motocin nan tana ɗauke da shaidarta a jikinta, kuma wanda ya iya dubawa yana iya faɗin sunanta har da shekararta.

Ka fara da tsayar da bidiyon, ka ɗauki hoton allo sau uku idan hali ya yi: gaba, gefe da baya. Kada ka yi gaggawar neman suna, zamanin motar za ka fara nema. A motocin Amurka, fitila ɗaya a kowane gefen gaba galibi tana nuna cewa ba a kai 1958 ba, domin daga wannan shekara ne fitilu bibbiyu suka zama ruwan dare, masu kusurwa huɗu kuwa sai a 1975 suka shigo. Ƙananan fitilun da ke gefen mota, kusa da hanci da wutsiya, doka ce ta wajabta su daga 1968, kamar yadda ta kawo bamba mai kauri a 1973.

A ganina, bayan mota ya fi gabanta faɗin gaskiya. Fikafikan ƙarfen da ke tashi a wutsiya Cadillac ce ta fito da su a 1948, suka yi ta tsawo har suka ƙure a 1959, inda kowane fiffike yake ɗauke da jajayen fitilu biyu masu tsini kamar harsashi. Idan ka ga wannan, babu sauran gardama. Chevrolet ta wannan shekara kuwa nata fikafikan kwanciya suka yi, kamar shirwa ta buɗe su tana shawagi. Sai kuma motar da ake gani tana tsalle a bidiyon mawaƙan Los Angeles, wadda mafi yawanci Chevrolet Impala ce ta 1964: ka ƙirga fitilun bayanta, za ka tarar da uku a kowane gefe. Tsallen nan ba daga kamfani ya zo ba, masu motar ne suke ɗora mata na'ura mai aiki da matsin mai.

A gefe, ka dubi hannuwan ƙofa. Idan na gaba da na baya sun haɗu a tsakiya, jikin motar kuma shafaffe ne babu ado, to Lincoln Continental ce ta tsakanin 1961 da 1969, irin wadda Shugaba Kennedy yake ciki lokacin da aka harbe shi a Dallas a 1963. Ƴan ramuka uku ko huɗu a jere bayan tayar gaba kuwa alamar Buick ce.

Na Turai sun fi sauƙi. Rolls-Royce tana da ɗan mutum-mutumin mace a kan hanci, doguwar Marsandin shugabannin ƙasa kuma ita ce 600, wadda aka ƙera daga 1963 zuwa 1981. Inda yaranmu suke ruɗewa shi ne Peugeot 404 ta 1960, saboda ita ma tana da ƴan fikafikai, sai su ɗauka ƴar Amurka ce. Iyayenmu a Damagaram ba sa wannan kuskure, domin sun sha hawanta. Ba ta kai waɗancan tsawo ko faɗi ba.

Kada ka dogara da fenti ko ƙafafu, domin masu shirya fim sukan sauya su, wani lokaci ma su cire tambari. Idan ka tsayar da zato, ka rubuta sunan da shekarar a intanet, ka ajiye hoton da ya fito kusa da naka, ka gwada fitilun baya ɗaya bayan ɗaya. In ba su dace ba, ka matsa shekara ɗaya gaba ko baya, domin kamfanonin Amurka na wancan zamani kusan kowace shekara sai sun taɓa fasalin wutsiya.