Yadda Ake Kula da Sukarin Jini a Ɗakin Tiyata

Majinyacin da aka ɗauko daga ƙauyukan Anka ko Maru zuwa asibiti a Gusau yakan iso ya wuni ya kwana bai sa komai a baki ba. Saboda haka kafin a yi masa allurar barci, a fara da huda yatsa a gwada sukarin jininsa, a kuma tambayi mai jinyarsa yaushe rabonsa da abinci. Ƙa'idar azumin tiyata, wato daina ci da sha kafin aiki, awa 6 ce ga abinci, awa 4 ga nonon uwa, awa 2 ga ruwa, kuma wuce hakan ba ya ƙara wa kowa lafiya.

Hantar babban mutum tana ajiye sukarin da bai wuce kimanin giram 100 ba, wanda yakan ƙare cikin kwana guda, daga nan jiki ya koma narka kitse da tsoka. Sai dai da zarar wuƙa ta taɓa fata, jiki yakan saki sinadaran kotisol da adirenalin, su tunkuɗa sukari cikin jini, su kuma rage wa insulin, sinadarin da ke saukar da sukarin jini, ƙarfi. Wannan ne ya sa lafiyayyen baligi da za a yi wa gajeren aiki ba ya buƙatar ƙarin ruwa mai gulukos, wato sukari. Ruwan Ringer, wato ruwan gishirin da ake ƙarawa ta jijiya, ya wadatar da shi. Waɗanda ake sa wa ido su ne jarirai, yara masu tamowa, wanda ya daɗe bai ci ba, da mai ciwon siga da ya yi allurar insulin. Yaro ana ba shi ruwan gishiri mai gulukos kashi 1 zuwa 2.5 cikin ɗari, a hankali.

Ledar gulukos mai kashi 5 cikin ɗari tana ɗauke da giram 50 a lita guda. Kada a ɗura ta don cike gurbin jinin da ya zuba, domin jiki yana ƙone sukarin ya bar tsagwaron ruwa, gishirin jini ya faɗi, ƙwaƙwalwar yaro ta kumbura.

Mai barcin tiyata ba zai ce yana jin jiri ko makyarkyata ba, don haka a riƙa maimaita gwajin kowace awa ga waɗanda ake sa wa ido, a riƙe sakamakon tsakanin 6 da 10 a ma'aunin milimol a kowace lita. In ya sauka ƙasa da 4, a ba da gulukos ta jijiya nan take, a sake gwadawa bayan minti 15.