Jerin org-roam ya ƙi fitowa a Emacs? Kar ka goge komai tukuna

A Samaru yanzu masu rubuta tasis ɗin masta da na digirin digirgir da yawa sun koma tara bayanansu a manhajar rubutu ta Emacs, da Org mode, tsarinta na shirya rubutu, da kuma org-roam, fakej ɗin da ke haɗa rubutu da rubutu, kuma ƙorafin da nake ji kullum iri ɗaya ne, na danna don in haɗa wannan rubutun da wancan amma jerin sunayen bai fito ba, ko ya fito amma rabi, ko sunan da na rubuta jiya da hannuna babu shi. Abin da mutane ke yi da zafin rai shine su goge fakej ɗin su sake saukewa, a ƙona data a banza kuma matsalar tana nan daram. Dan Allah dakata. Jerin nan abu biyu ne aka haɗa, akwai rumbun bayanai inda org-roam ke ajiye sunayen, akwai kuma abin da ke nuna maka su a allo, irin su company ko corfu ko vertico. Sai ka fara gano wanne ne daga cikinsu ya samu matsala.

Gwajin farko mai sauƙi ne. Danna M-x, wato Alt da x (a Emacs M na nufin Alt, C kuma Ctrl), ka rubuta org-roam-node-find. In sunan da kake nema ya fito a nan toh rumbun lafiyarsa ƙalau, laifin na ɓangaren nunawa ne, tsallake ƙasa. In bai fito ba, rumbun ne, kuma galibi nan matsalar take.

Tun da aka fitar da org-roam v2 a 2021 ƙa'idar ta canza, fayil ko kanun rubutu da ba shi da ID, wato lambar shaida, ba ya shiga lissafi sam, ko da yana zaune a cikin foldar da ta dace. Wanda ya kwafo tsoffin fayilolinsa daga filash, ko ya bi wani tsohon darasi na zamanin v1, sai kaga ya buɗe fayil da kansa ya sa masa take ya yi sebin yana jiran ya gan shi a jeri, ina, ba zai gani ba. Buɗe fayil ɗin ka kai kasa (cursor) can sama kafin kanu na farko, ka yi M-x org-id-get-create, za kaga :PROPERTIES: da :ID: sun bayyana, sai ka yi sebin. In wani kanu ne a tsakiyar fayil kake so ya zama abu mai zaman kansa, ka ɗora kasa a kansa ka yi haka ɗin dai.

Daga nan duba folda. C-h v sai ka rubuta org-roam-directory, ka karanta abin da ya nuna da idonka, kar ka dogara da abin da kake zaton ka rubuta a init.el, fayil ɗin setin Emacs, don sau tari an rubuta amma baka ɗaya ta ɓace a sama ta hana layin aiki. In foldar hanyar-yanke ce da ke nuni zuwa wani wuri, ka naɗe adireshin cikin file-truename. Bayan haka M-x org-roam-db-sync. In har yanzu shiru, sa C-u a gaba, wato C-u M-x org-roam-db-sync, wannan zai rushe rumbun ya sake gina shi daga tushe, kuma kar gabanka ya faɗi, rubutunka yana cikin fayilolin .org ne, org-roam.db kwafin sunaye da mahaɗai ne kawai, ko ka goge shi da hannu za a sake gina shi. Wannan yana da amfani musamman a nan da wuta ke ɗaukewa ba sallama, laftof mai mataccen batir ya mutu ana tsakiyar sebin, rumbun ya tsaya a rabin hanya. Ka kuma tabbata layin da ke kunna org-roam-db-autosync-mode yana cikin setin ɗinka, in ba haka ba duk sabon rubutu sai ka yi sync da hannu kafin ya fito.

Yayin da sync ke gudana leƙa C-h e ka ga saƙonni. In kaga ƙorafi kan ID da aka maimaita, to kana da fayil biyu masu ID ɗaya, yawanci don ka kwafi fayil ka canza masa suna ka manta da lambar da ke sama, ko kuma masu amfani da Syncthing, manhajar daidaita fayiloli tsakanin waya da laftof, shi yana barin fayiloli masu sync-conflict a sunansu duk lokacin da aka gyara abu ɗaya a wuri biyu. Fitar da kwafin daga foldar ko ka share ID ɗinsa ka ba shi sabo. In kuma maganar sqlite ce ta fito, wato manhajar da ke riƙe rumbun, Emacs 29 da ya fito a 2023 ya zo da SQLite a cikinsa, ni dai shawarata ka haura zuwa 29 ko sama da haka ka huta da wahalar harhaɗa shi da kanka, musamman a Windows.

Toh yanzu ɓangaren nunawa. A cikin rubutu org-roam yana cike maka suna ne in kana tsakanin baka huɗu, [[ da ]], kuma na rufewar ma sai suna nan, mutane da yawa suna buɗe biyun farko kawai su zauna jira. Rubuta duka huɗun, koma tsakiya, rubuta harafi biyu ko uku, sannan C-M-i. A littattafai za kaga an ce M-TAB amma a Windows da yawancin Linux Alt da Tab sauya taga yake yi, Emacs ba ya ma jin ka danna, don haka C-M-i ko M-x completion-at-point. In kana so ya riƙa cikewa ko'ina ba sai cikin baka ba, sa org-roam-completion-everywhere ya zama t, wato a kunne. Ni ban cika son sa ba gaskiya, yana katse min tunani ina tsakiyar jimla, amma wasu suna jin daɗinsa.

In C-M-i bai ce komai ba, yi C-h v completion-at-point-functions kana cikin fayil ɗin, ya kamata kaga sunaye masu farawa da org-roam-complete. In babu su, ko dai fayil ɗin yana wajen foldar org-roam, ko an buɗe shi kafin autosync ya tashi, rufe shi da C-x k ka sake buɗewa. In kuwa C-M-i yana aiki amma ɗan akwatin nan mai faɗowa da kansa ne baya zuwa, wannan aikin company ne ko corfu. A company sai company-capf yana cikin company-backends, kuma yana jiran harafi 3 kafin ya motsa sai dai in ka rage company-minimum-prefix-length. Shi corfu asalinsa baya fitowa da kansa kwata-kwata sai ka sa corfu-auto ya zama t. Kuma kar ka kunna su biyun tare a fayil ɗaya, zaɓi guda.

Akwai wata da ta shafe mu mu masu rubutu da Hausa wadda ba za ka tarar da ita a darussan Turawa ba. Ka sa wa rubutu take Ƙasar Zazzau da ƙ mai lanƙwasa, ranar nema kuma ka rubuta kasar da k zalla don allon madannanka ba shi da ita, a wurin kwamfuta waɗannan haruffa biyu ne daban, haka ɗ da d, ɓ da b. Har alamar da ke cikin 'ya'ya ma, wadda waya ko Word ke sakawa a lanƙwashe ba ɗaya take da miƙaƙƙiyar ta allon madannai ba, sai kaga suna yana nan amma ya ƙi fitowa. Mafita mafi sauƙi ita ce laƙabi, M-x org-roam-alias-add ka ba shi sunan da babu lanƙwasa, daga nan ko wanne ka rubuta zai fito. In harafin kake so ka shigar, C-x 8 RET (wato Enter) sai 0199 ya ba ka ƙ, 0257 ɗ, 0253 ɓ. Ka kuma sa completion-ignore-case ya zama t don babban baƙi da ƙarami su daina raba maka sakamako. Sannan Emacs a yadda ya zo ya fi son ka fara daga farkon suna, in kana so ka rubuta zazzau kawai ko kalmomi a birkice ya gane, saka fakej ɗin orderless cikin completion-styles.

Masu amfani da Org mode zalla ba roam ba, naku gajere ne. Jerin tag na C-c C-q yana kawo na fayil ɗin da kake ciki ne kawai, in kana son na duk fayilolin ajanda kunna org-complete-tags-always-offer-all-agenda-tags. In ka gyara layin #+TAGS: ka danna C-c C-c a kansa don ya sake karantawa, kuma tag baya ɗaukar sarari ko karan ɗori, babi_2 zai yi, babi-2 ba zai yi ba. Jerin refile na C-c C-w, wato na mayar da kanu zuwa wani wuri, kuma daga org-refile-targets yake ɗebowa, in ka kunna org-refile-use-outline-path kuma kana da vertico ko ivy sa org-outline-path-complete-in-steps ya zama nil, wato a kashe, in ba haka ba sai ya riƙa nuna maka mataki ɗaya kawai kana zaton sauran sun ɓace.

In duk ka bi wannan abin ya ƙi, rufe Emacs ka buɗe shi daga taminal da emacs -Q, wato ba tare da setin ɗinka ba, ka yi M-x package-initialize, ka loda org-roam kaɗai da adireshin foldarka. In ya yi aiki a nan to wani abu ne a init.el ɗinka, sai ka kashe rabin layukan da alamar ; a farkonsu. Ka sake gwadawa, ka ci gaba da rabawa biyu har ka kama layin. Kunna M-x toggle-debug-on-error kafin ka fara, don in ya faɗi ya nuna maka sunan fakej ɗin da ya jawo.