Yadda ake rage tarin takardu a kamfani ba tare da taka doka ba

Kafin ka sayi wata manhaja, fara tattara duk fom da rahoton da ake cikewa a kamfanin, har da waɗanda wani sashe ya ƙirƙira wa kansa. Kowace takarda ka yi mata tambaya ɗaya: wa ya ce sai an yi ta?

Amsar za ta kasu uku. Akwai waɗanda doka ta wajabta, kamar takardun haraji, na albashi da na ɗaukar ma'aikata. Waɗannan kada ka taɓa su sai da shawarar lauya ko akanta, don kowace ƙasa da shekarun da ta ce a adana su. Akwai waɗanda abokin ciniki ko mai binciken ƙa'ida ke nema. Sai kashi na uku: takardar da aka ƙirƙira bayan wani kuskure ya faru, kuskuren ya daɗe da wucewa, ita kuwa ta zauna daram. Daga nan za ka fara yankewa.

Kashi na biyun ma a duba shi da kyau. Wasu kamfanoni na fama da ƙaton littafin tsarin inganci wai ISO 9001, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta kula da ingancin aiki, ce ta tilasta, alhali bugunta na 2015 ya cire wannan sharaɗin.

Sai batun sa hannu. Ɗauki fom ɗaya ka bi shi tebur-tebur har ya shiga fayil. In mutum huɗu ne ke sa hannu, tambayi kowannensu ko ya taɓa mayar da fom ɗin baya. Wanda bai taɓa ba, sanar da shi ya wadatar.

Bayan wannan ne za a koma kwamfuta. Kada sabon fom ya nemi bayanin da kamfani ke da shi tuni, ko wanda ba ya buƙata. Dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wato GDPR, wadda ta fara aiki a 2018, ta hana tara bayanan mutane fiye da kima.

Ma'aikata kuwa, masu cike fom ɗin kullum su za su tsara sabon, a fara gwada shi a sashe ɗaya. Wanda ya ƙi sakin takarda, sau da yawa ba taurin kai ba ne: sa hannun nan shi ne garkuwarsa ranar da aka zo bincike. Nuna masa cewa manhajar na adana sunan wanda ya amince da lokacin da ya amince. Sannan a tsayar da ranar daina karɓar tsohon fom, in ba haka ba za a riƙa cike biyun a tare.