Yadda ake tara baƙin mai a garaji har ya kai hannun masu sake tace shi

Man inji ba ya mutuwa, datti yake yi. Abin nan da ke zubowa baƙi ƙirin ranar bidanji, wato ranar canja man inji, yawancinsa man da aka zuba ne tun farko, sai dai ya kwashi baƙin hayaki da garin ƙarfe da ɗan ruwa, magungunan da aka haɗa masa kuma sun ƙare. Shi ya sa ake iya mayar da shi sabo. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man injin da ake samu daga galan ɗaya na tsohon mai, sai an tace galan 42 na ɗanyen mai kafin a samu kamarsa. Amma zai tatu ko ba zai tatu ba, tun a garaji ake yanke wannan hukunci, a hannun yaron da ke kwance ƙarƙashin mota da kile. Ni makanike ne a nan Damagaram, da ƴan'uwana masu garaji nake magana.

Fara da wurin ajiya tun kafin ka taɓa mota. Nemi tano na ƙarfe mai lita 200 wanda murfinsa ke ɗauruwa, ka san abin da aka taɓa zubawa a cikinsa. Tanon da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, bar shi ko da kyauta aka ba ka. Girka shi a inuwa, bisa daɓen siminti da aka yi wa ɗan baki kewaye, yadda in ya yi yoyo man zai tsaya nan. Rairayinmu ba ya riƙe komai, da ka zuba ya shanye. Kada ka cika tanon har baki, bar tazarar kamar taƙi guda, don zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, mai kuma yana kumbura. Rubuta "baƙin mai" a jikinsa da fenti, da boko da ajami.

A sauke mai inji na da ɗumi, ya fi gudu, ya fi kwaso dattin ƙasa. Daron tarba ya zama nasa ne shi kaɗai, ya kuma fi ƙarfin abin da za a sauke: babur ɗin ɗan kabu-kabu wajen lita ɗaya ne, ƙaramar mota lita 4 zuwa 5, babbar mota tana haura 30. Daga daro sai mazurari mai ƴar raga, sai tano, a rufe nan take. Daron da aka bari a buɗe da hunturu, kafin la'asar ƙura ta mai da shi kunu. Filtir ma yana riƙe mai da yawa. Huda shi, kifa shi bisa mazurari ya kwana yana tsiyaya, sannan ka jefa shi cikin ƙarafan da za ka sayar.

To, ga inda ake ɓata abin. Yara sun ɗauki tanon baƙin mai kamar juji, duk ruwan da ba a san inda za a kai shi ba sai a tuttula ciki: esansin da aka wanke kabireta da shi, man birki, ruwan radiyata, ruwan batir. Kowannensu da ɓarnarsa. Esansi yana sa tano ya kama wuta da ɗan tartsatsi. Ruwan radiyata da man birki suna wahalar da mai tacewa, ya rage maka kuɗi ko ya ƙi saye gaba ɗaya. Mafi muni shi ne man taransifoma na wutar lantarki, don tsofaffinsu wasu na ɗauke da gubar da ake kira PCB, kaɗan daga cikinta ya isa ya lalata tanki guda, in an ƙona ta kuma hayaƙin ya fi ta illa. Duk wanda ya zo maka da mai a bido ya ce a haɗa da naka, shinshina, ka duba launi, ka tambaye shi daga wane inji ya fito. In ya yi inda-inda, ce masa, "Alhaji, yi haƙuri, a mayar da shi." Ni kowane ruwa da bidonsa a garajina, tanon mai kuma da kwaɗo, makulli na aljihuna.

Gane ruwa a cikin mai ba wuya. In ya yi fari-fari ya yi kauri, akwai ruwa. In kana shakka, ɗiga ɗigo ɗaya bisa faifan ƙarfe mai zafi, nesa da tano: mai ruwa yana tsartsatsi da ƙara, mai kyau shiru yake bazuwa. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka in tano ya zauna ƴan kwanaki yakan kwanta ƙasa.

In ya zube a ƙasa, rairayi ko dusar katako za ka barbaɗa, ka kwashe cikin buhu. Ban da wanke shi da ruwa zuwa kwata. Mu da muke sayen ruwa wurin ƴan garuwa, muke jiran famfo har tsakar dare, ruwan kuma daga nesa ake jawo shi, daga su Gogo da Arunguza, bai kamata a tuna mana darajarsa ba. Lita ɗaya ta baƙin mai tana iya ɓata ruwan sha lita miliyan. Abin da ka zuba bayan garaji da rani, ruwan farko na damina zai ɗauke shi ya kai tabki, inda dabbobi ke sha, yara ke wanka, masu garake ke ban ruwa.

Za a zo roƙonsa, wannan tabbas ne. Mai shafa wa azara don gara, mai zuba wa masai don sauro, mai shafa wa raƙumi ko jaki a ƙurji, mai yayyafa wa ƙofar gida don ƙura ta kwanta. Na jikin dabba da na zubawa ƙasa ba na bayarwa ko kusa. Man nan yana da dalma da wasu ƙarafa masu guba, yawan taɓa shi kuma yana iya jawo sankarar fata, shi ya sa nake matsa wa yara su wanke hannu da sabulu, su daina yawo da tsumman mai a aljihu. Maganar kwantar da ƙura, an gwada an gani. A garin Times Beach na jihar Misuri a Amurka an riƙa fesa tsohon mai bisa hanyoyin ƙasa a shekarun 1970, ashe an gauraya shi da guba mai suna dayoksin. A 1983 gwamnati ta saye garin baki ɗaya, aka kwashe mutane sama da 2,000.

Mutane sukan ce ai ga matatar mai ta SORAZ nan a hanyar Tanut, a kai mata baƙin man. Ita an buɗe ta a 2011 don tace ɗanyen man Agadem, ganga 20,000 a rana. Tace tsohon mai wani aiki ne dabam. Ana fara dafa shi ruwan ya fice, a cire ɗan gazuwal da esansin da suka shiga, sannan a turara shi cikin tukunyar da aka zuƙe iskarta, mai tsabta ya tashi ya bar diddiga. Tsohuwar hanya mai araha kuwa da asid da farar ƙasa ake yin ta, kuma tana barin wata baƙar laka mai cin fata wadda ta fi man kansa sharri.

Saboda haka in ka ji za a kafa irin wannan masana'anta kusa da unguwarku, ban ce a ƙi ba, don ta fi zubarwa a ƙasa nesa ba kusa ba, ga aikin yi ga samari. Amma ku taru ku je wurin mai unguwa tun ba a aza tubali ba. "Ranka ya daɗe, a tambaye su da wace hanya za su tace, lakar kuma ina za su kai ta." Wannan ita ce tambayar farko, in amsa ta zo a dunƙule ku sake maimaita ta. Sai a duba ko tankuna na cikin katangar siminti da za ta iya ɗaukar duk man babban tanki in ya fashe, da ina ruwan wankinsu zai bi, da nisansu da rijiya da makaranta. Ku lura da iska: da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, da damina daga kudu maso yamma, gidajen da ke waɗannan layuka biyu su za su sha wari. Nijar na da dokar kare muhalli tun 1998, aiki irin wannan sai an yi binciken illarsa, ku nemi ofishin muhalli na jiha ya nuna muku takardar. A kuma ɗebi ruwan rijiyoyin unguwa a auna kafin a fara aiki, a adana sakamakon, don ranar gardama shi ne shaida.

Kai kuma mai garaji, san wanda kake sayar wa. Akwai masu tace shi da ƙyalle kawai, su ɗura cikin galan na sabon mai, ya dawo kasuwa ya kashe injin wani. Ajiye littafi: rana, lita nawa, wa ya ɗauka, lambar motarsa. Galan ɗin da ka juye sabon mai daga ciki, tsiyaye shi sarai ka huda gindinsa kafin ya bar garaji. Tanon da ya tsufa kuma kada a kai wa mai walda ya yanka shi ko da ya ga kamar babu komai ciki, tururin da ya saura yana fashewa.