Ɗora bidiyo a PeerTube ba tare da burauza ba

Idan kana da sabar PeerTube taka, manhajar nan ta wallafa bidiyo a intanet ta ƙungiyar Framasoft ta Faransa, ɗora bidiyo ɗaya bayan ɗaya ta burauza wahala ce kawai. Ni ta tamina nake yi, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni.

Ka fara saka Node.js, manhajar da peertube-cli ke gudana a kanta, sannan ka saka peertube-cli, kayan aikin ɗorawar:

npm install -g @peertube/peertube-cli

Sai ka gabatar da kanka ga sabar, sau ɗaya tak:

peertube-cli auth add -u adireshin-saba -U sunanka

Kalmar sirri kuwa, bari ya tambaye ka. In ka rubuta ta cikin umarnin, tana nan zaune a tarihin tamina, duk wanda ya leƙa ya gani.

Ɗorawa:

peertube-cli upload -f /home/ni/darasi.mp4 -n "Darasi na 1"

Ka ba shi cikakkiyar hanyar fayil ɗin. In kuwa ta SSH kake aiki, wato kana sarrafa wata kwamfuta daga nesa, buɗe manhajar tmux a kan waccan kwamfutar tukuna, don ko intanet ya yanke aikin ya ci gaba.