Yadda ake gano asalin tarkacen tsohon jirgin sama a duwatsu da hamada

Mai tafiya daga Damagaram zuwa arewa, ta Tanut zuwa duwatsun Ayar ko ta Gure zuwa dutsen Tarmit, yana iya cin karo da fallen farin ƙarfe mai jerin ƙusoshi. Makiyaya da masu haƙar zinariya sun fi kowa ganin irinsa. Aikin mai bincike shi ne ya gano ko wane jirgi ne, ƙarfen kuwa ya bar shi inda ya tarar da shi.

A yi tafiyar da sanyi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, da motoci biyu da ɗan jagora ɗan yankin. Kowane mutum a ware masa ruwa lita 6 a yini, ban da na ko-ta-kwana. Kafin a tashi a sanar da jandarma da mai gari, a bi abin da suka ce kan tsaro, domin akwai wuraren arewa da aka binne nakiyoyi lokacin tawayen 2007 zuwa 2009. A sauke taswira cikin waya tun daga gari: GPS, mai nuna inda mutum yake, yana aiki ko babu layi.

Da an isa, kada a yi saurin kai hannu. Ku zagaya wurin tukuna, ku ɗauki hoto daga gabas, yamma, kudu da arewa, ku rubuta lambobin GPS na kowane babban guntu. Yadda tarkacen ya watsu shi ne shaida ta farko. Rami guda da ƙarfe a tattare na nuna jirgin ya soko ƙasa da kai. Dogon layi na nuna ya ja ciki. Idan kuwa guntaye sun bazu kilomita da dama, a sama ya tarwatse, kamar jirgin DC-10 na kamfanin UTA da bam ya fasa a kan hamadar Tenere ranar 19 ga Satumba 1989, mutum 170 suka rasu.

Sai a tabbatar ko jirgi ne ma, don tsohuwar mota ko tankin ruwa na ruɗar mutane. Maganaɗisu ɗan ƙarami ya isa: jikin jirgi galibi alminiyam ne, ba ya kama shi, kuma ba ya yin jan tsatsa, sai dai farin gari kamar toka. Ƙusoshinsa a jere suke, tazara ɗaya, cikin fallen kuma sau da yawa akwai fenti kore mai ɗan rawaya.

Lamba ita ce abin nema, nan ya kamata a ɓata lokaci. Haruffan rajista suna jikin jirgi kusa da wutsiya da kuma ƙarƙashin fiffike. 5U na Nijar ne, 5N Najeriya, TT Chadi, 7T Aljeriya, 5A Libiya, F Faransa, N Amurka. Rairayi yakan cinye fenti, saboda haka a duba gefen da ke kife ko cikin inuwa. Akwai kuma ɗan allon ƙarfe da masana'anta ke mannawa kusa da ƙofa ko wutsiya, mai sunan kamfani, samfuri da lambar jirgin. Injin ma yana da nasa. Ko ƙananan sassa suna ɗauke da lambobi da aka buga. A goge su da buroshi mai laushi da ɗan ruwa. Kada a kankare da wuƙa ko yashi, alminiyam yana da taushi, lambar za ta tafi tare da dattin. Hoton lamba ya fi fita da safe ko da la'asar, sa'ad da rana ke haskowa ta gefe. A ajiye awo ko kwalin ashana kusa da ita don a san girmanta, a kuma kwafe ta da hannu, domin 8 da B, ko 0 da D, suna rikicewa a hoto.

Wasu abubuwa ba a taɓa su sam: harsashi, tulun iskar shaƙa, kujerar da ke cilla matuƙin jirgin yaƙi, da agogunan gaban matuƙi na tsofaffin jirage, waɗanda aka shafa wa sinadarin radiyom mai cutarwa. Idan an ga ƙashin mutum, a tsaya, a yi addu'a, a kai wa jandarma labari. Wurin kabari ne, kuma wataƙila akwai dangin da ke jira har yau. Wani matuƙi mai suna Bill Lancaster ya faɗi a hamadar Aljeriya a 1933, sai a 1962 aka tsinci gawarsa kusa da jirginsa.

Bayan dawowa, a saka rajistar ko lambar a rumbun bayanan haɗurran jirage na Aviation Safety Network da ke intanet, a rubuta wa ANAC, hukumar sufurin jiragen sama ta Nijar, a Yamai, ko ofishin ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jirage a sararin sama, a haɗa da hotuna da lambobin GPS. Kada a raina tsofaffin ƙauyen da ya fi kusa: ba lallai su ba da shekara ba, amma za su ce kafin yunwa kaza ko zamanin shugaba wane, wannan kuwa yana rage nisan nema. A tambayi maƙera ma, tunda alminiyam ɗin da ya ɓace daga wurin sau da yawa tukunya ya zama, kuma wani kan ajiye allon lambar saboda bai narku ba. Ainihin wurin kuwa kada a watsa shi a Facebook, masu sayen tsohon ƙarfe za su riga hukuma zuwa.