Idan ƙaramar CA ta ƙi tashi a AWS Private CA

'Yan uwa, CA ita ce hukumar da ke ba da takardun shaida na dijital, AWS Private CA kuwa sabis ne na Amazon na kafa irin waɗannan hukumomi. In ƙaramar CA ɗinku (wato 'ya, wadda ke ƙarƙashin wata CA, uwarta) ta maƙale a PENDING_CERTIFICATE, wato tana jiran takardar shaidarta, ku fara duba samfurin takarda (template) da uwar ta sa hannu da shi. In ba ku zaɓi SubordinateCACertificate_PathLen0/V1 ko makamancinsa ba, takardar gama-gari za a ba ku, mai CA:FALSE (wato ba ta CA ba ce), kuma ba za ta shigu ba. A ganina nan aka fi tuntuɓe, don haka ku buɗe takardar da umarnin openssl x509 -text ku tabbatar.

Wa'adin takardar 'ya kada ya zarce na uwa, pathLen ɗinta (yawan matakan CA da za a iya kafawa a ƙarƙashinta) ma dole ya gaza na uwar. Ko RSA ne ko ECDSA (hanyoyin sa hannu na dijital), nau'in mabuɗin uwa ake bi wajen sa hannu. Wajen shigarwa kuwa, sarƙar takardun CA da ke sama da 'yar ta ƙare da ta tushe (CA ta can ƙoli), banda takardar 'yar.